Hamingbad Ce Na Gani a Bishiyar Lemonmu a Zariya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Zariya. A watan Agusta na ga wata 'yar tsuntsuwa a bishiyar lemon gidanmu, ƙarama ƙwarai, tana sheƙi kore-kore, ga ja a ƙirji, bakinta siriri a lanƙwashe. Tana zura baki cikin furanni, har takan ɗan tsaya a iska tana kaɗa fukafukai. Ɗana ya ce hamingbad ce irin wadda yake gani a bidiyon waya. Ƙanena kuma ya rantse ya taɓa ganin albataros a dam ɗin Tiga, wai tsuntsun da ke yin shekaru a sama bai sauka ba. Gaskiya ne? Kuma yaya zan koya wa ɗalibaina gane tsuntsaye da bayyana su yadda ya kamata?"

Wa alaikumus salam, Malama. Idan na fahimce ki, kina son sanin ko tsuntsayen nan biyu da suka yi suna a waya suna zuwa ƙasarmu, da kuma yadda mutum zai tabbatar da abin da idonsa ya gani. Tsuntsuwar lemonku sha-kauci ce, ba hamingbad ba. Abin da ƙanenki ya gani a Tiga kuma babban tsuntsun ruwa ne irin namu na gida. Amma kada ki yi wa yaron dariya, don kuskuren nasa yana da dalili, kuma manya masu digiri ma suna yin irinsa.

Duk mai nazarin tsuntsaye, kafin ya tambayi launi ko surar baki, yakan fara tambayar inda aka gani da watan da aka gani. Wannan tambaya kaɗai tana kawar da dubban nau'o'i daga lissafi. Hamingbad nau'insu ya haura 350, kuma dukkansu a nahiyar Amurka suke, tun daga Alaska a can arewa har ƙarshen kudancin Ajantina da Cile. Sun fi yawa a ƙasashen tsaunukan Andes, inda Kolombiya da Ekwado kowacce take da fiye da nau'i 100. Babu ko ɗaya da ke rayuwa a dajin Afirka, Asiya ko Turai a yau. An dai tono ƙasusuwan kakanninsu a Jamus, masu shekara kusan miliyan 30, aka bayyana su a 2004, wanda ya nuna a da can sun taɓa zama a wannan ɓangare na duniya kafin su ɓace daga cikinsa.

Abin da ya raba su da sha-kauci

Sana'arsu ɗaya, shan ruwan zaƙin fure, shi ya sa kamanninsu suka zo ɗaya: ƙaramin jiki, dogon baki siriri, harshe mai tsotso, da gashi mai walƙiya a jikin namiji. Amma ba dangi ba ne. Hamingbad ɗan'uwan tsattsewa ne, irin waɗanda ke kai-komo a sama da yamma suna kama ƙwari. Sha-kauci kuwa yana cikin babban dangin tsuntsaye masu sauka a reshe su yi kuka, tare da jan-baki da hankaka. Nau'insa ya kusan 150, a Afirka, kudancin Asiya har arewacin Ostireliya.

Inda za ki ga bambancin ƙarara shi ne yadda kowanne yake cin abinci. Fiffiken hamingbad yana juyawa ne daga kafaɗa, yana kai gaba yana komawa baya, kuma duka bugun biyu suna ɗaga shi. Saboda haka yana iya tsayawa cak a gaban fure muddin yana sha, ya ja da baya, ya matsa gefe, ba tare da ya taɓa reshe ba. Ƙananan cikinsu suna kaɗa fiffike har sau 80 a daƙiƙa guda, ido ba ya ganin fiffiken sai dishi-dishi, kunne kuma yana jin gunji. Ƙafafunsa 'yan mitsi-mitsi ne, yana iya riƙe reshe da su amma ba ya tafiya ko tsalle. Sha-kauci yana da ƙafafu masu ƙarfi. Yakan kama reshe ko kan furen, wani lokaci ya rataya kai ƙasa, ya sha, ya yi tsalle zuwa na gaba. Yana iya tsayawa a iska, kamar yadda kika gani, amma na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ne, kuma za ki ga wahalar a jikinsa. Idan furen ya yi masa zurfi, sai ya huda shi ta gindi ya sha abinsa.

Rayuwar hamingbad tana da tsada ƙwarai. Zuciyarsa takan buga fiye da sau 1,000 a minti idan yana tashi, don haka dole ya zagaya ɗaruruwan furanni kowace rana, ya haɗa da ƙananan ƙwari. Da dare, da yake babu ci, da yawansu sukan saki jiki su yi wani irin dogon suma, zafin jiki ya faɗi, bugun zuciya ya ragu, sai gari ya waye su farfaɗo. A tsaunukan Peru an auna wani da zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 4. Mafi ƙanƙantarsu yana Kyuba, tsawonsa kamar santimita 5 zuwa 6, nauyinsa wajen giram 2, wato bai kai dunƙulen magi ɗaya ba. Duk da haka akwai wani nau'i mai jan wuya da ke tsallake Tekun Meksiko, kusan kilomita 800, a tashi ɗaya ba hutu. Wannan ɓangare daga karatu da bakin abokan aiki na same shi, domin fagen aikina dajin Arewa ne da fadamunsa.

Sheƙa ma shaida ce. Hamingbad yana gina 'yar ƙaramar sheƙa buɗaɗɗiya a kan reshe, ya ɗaure ta da yanar gizo-gizo, a sa ƙwai biyu farare. Ta sha-kauci rufaffiya ce, tana reto daga ƙarshen reshe, ƙofarta a gefe, sau da yawa da 'yar rumfa a saman ƙofar, ga tarkacen ganye na lilo a ƙasanta. Mutane da yawa sukan wuce ta suna zaton shara ce iska ta maƙala.

To wane sha-kauci ne naki? A nan ne bayaninki ya tsaya rabin hanya, kuma ba zan yanke hukunci daga nesa ba. A yankin Zariya nau'i biyu ne ke da ja a ƙirji da za su fara zuwa raina. Na farko, wanda masana ke kira Cinnyris pulchellus, namijinsa kore ne mai sheƙi kusan duk jiki, jan yana tsakiyar ƙirji da ruwan ɗorawa a gefe da gefe, kuma gashi biyu na tsakiyar wutsiyarsa sun zarce sauran da tsawo. Da damina yake sa wannan ado, saboda haka watan Agusta ya dace da shi. Na biyu, Chalcomitra senegalensis, ya ɗan fi girma, jikinsa baƙi-baƙi ne, koren yana bisa kai da maƙogwaro kawai, jan kuma ya mamaye ƙirjin gaba ɗaya, wutsiyarsa gajeruwa. Da kin ambaci wutsiya, da magana ta ƙare. Yadda kika ce tana sheƙi kore-kore ya sa na fi karkata ga na farko. Kuma ko da yake kin kira ta tsuntsuwa, mai wannan ado namiji ne. Matan ba su da walƙiya, launinsu toka-toka ne ko kore mai duhu, cikinsu fari-fari ko rawaya-rawaya, kuma rarrabe su yana ba ƙwararru ma wuya.

Ki kuma leƙa cikin rassan lemon da kyau. Ina kyautata zaton akwai kauci a jiki, kuma shi tsuntsun yake bi. Furen kauci yakan zauna a rufe har sai tsuntsun ya taɓa shi da baki, sai ya fashe ya watsa masa garin fure a goshi, shi kuma ya kai wa fure na gaba. Da rani za ki sami tsuntsayen sha-kauci a kan minjirya da gurjiya idan sun yi jajayen furanninsu, da kan tumfafiya. A lokacin ne kuma wani ƙaraminsu, Hedydipna platura, mai rawayan ciki, gajeren baki da doguwar wutsiya siririya, yake yin nasa adon.

Akwai wani abu guda da ke ruɗin mutane fiye da sha-kauci. Wani ƙwaro ne ɗan'uwan malam-buɗe-littafi, mai kaurin jiki, da ke tsayawa cak a gaban fure yana gunji, yana zura dogon hanci. Hotuna da dama da aka turo mini da sunan hamingbad shi ne a ciki. Idan kika ga 'yan ƙahonni biyu sirara a kai, to ƙwaro ne.

Batun albataros

Shi ma taswira ce ke fara yanke hukunci. Albataros nau'i 22 ne a lissafin da aka fi amfani da shi, mafi yawansu a tekunan kudu masu sanyi da ke kewaye da Antatika, kaɗan a arewacin Tekun Pasifik, ɗaya kuma yana haihuwa a tsibiran Galapagos. Dalilin yana cikin fiffikensa. Fiffike ne dogo siriri, a babban nau'insu yakan kai mita 3.5 daga wannan baki zuwa wancan, kuma an yi shi ne don hawa iska, bai dace da yawan kaɗawa ba. Akwai wata jijiya a kafaɗa da ke kulle fiffiken a miƙe, tsuntsun bai kashe ƙarfi wajen riƙe shi. Iskar da ke daf da ruwa ba ta kai ta sama gudu ba, sai ya fuskanci iska ya hau, ya juya ya gangaro da ita a bayansa, ya sake hawa, haka zai yi ta yi na sa'o'i. An bi sawun wani mai tokar kai da na'ura, aka ga ya zagaye duniya ta tekun kudu cikin kwana 46. Amma kusa da tsakiyar duniya, inda gabar Najeriya take, akwai faffaɗan yanki da iska ke yawan kwantawa. Tsuntsu irin wannan idan ya shiga can ya maƙale, shi ya sa yankin ya zame musu shinge. Akan sami ɗaya-ɗaya da ke tsallakewa, kamar wani mai baƙar gira da ya yi sama da shekara 20 yana komawa tsibiran Shetland a arewacin Birtaniya shi kaɗai ba abokiyar zama, amma ko shi bakin teku ya riƙe. Tiga kuwa tana da nisan sama da kilomita 700 daga teku, ruwanta kuma ba na gishiri ba ne.

Maganar shekaru a sama ba sauka gaskiya ce da aka yanke mata rabi. Matashin albataros idan ya bar sheƙa yakan yi shekaru bai taka ƙasa ba, amma yana sauka a kan ruwa ya ci, ya huta. Ruwan teku yake sha, wasu ƙululai a saman idanunsa suna tace gishirin ya fita ta hanci. Wanda aka tabbatar yana daɗewa a sama ba sauka shi ne tsattsewar Turai. Masu bincike na Jami'ar Lund a Suwidin sun nuna a 2016 cewa takan yi wata 10 a iska, kuma mafi yawan watannin nan a sararin Afirka take, tana ratsa samanmu a hanyarta. Abin mamakin da ƙanenki yake nema yana wucewa ta bisa kansa duk shekara.

Abin da na fi zato ya gani shi ne kwasakwasa, wanda fiffikensa yakan kusan mita 3, fari da baƙi, yana kaɗawa kaɗan ya miƙe ya yi shawagi. Zai kuma iya zama babba-da-jaka ko wani babban zalɓe. Ki tambaye shi ko ƙafafu sun zarce wutsiya a baya lokacin da yake tashi, da kuma surar bakin. Zalɓe da babba-da-jaka suna jan dogayen ƙafafu a baya, kwasakwasa ba ya yi, kuma bakinsa ba ya ɓuya.

Mafi kusa da ɗan Afirka zai ga albataros shi ne tekun Afirka ta Kudu da Namibiya. Na shiga irin jiragen ruwan da ke fita daga yankin Kef Tawun zuwa inda manyan jiragen kamun kifi ke aiki, kuma abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda launi ba ya taimako a can. Kusan dukkansu fari da baƙi ne, jirgi yana tangaɗi, tsuntsu yana wucewa cikin daƙiƙoƙi. Abin dubawa shi ne ƙarƙashin fiffike da baki. Mai baƙar gira yana da baƙi mai kauri a gefunan ƙarƙashin fiffikensa, bakinsa ruwan lemo. Wani da ake kira Thalassarche cauta ƙarƙashin nasa kusan duk fari ne, baƙin siriri, da wani ɗan ɗigo a hammata. Matasa kuma bakinsu toka ne, sai su ƙara dagula lissafi. Wanda bai san inda zai kai idonsa tun kafin tsuntsun ya iso ba, zai koma gida da cewa ya ga babban farin tsuntsu kawai.

Albataros suna da tsawon rai, haihuwarsu kuma a hankali take. Ƙwai ɗaya ake yi, manyan nau'o'in kuma sai bayan shekara biyu, domin kwanci kaɗai yakan ɗauki kusan mako 11, renon ɗan tsako kuma wajen wata 9. Akwai wata da ake kira Wisdom a tsibirin Midway na Tekun Pasifik, wadda masanin tsuntsaye Chandler Robbins ya sa wa zobe a ƙafa a 1956, kuma ta sake yin ƙwai a ƙarshen 2024 tana da shekara aƙalla 74. Tsuntsun da ke haihuwa haka ba ya jure asara, shi ya sa ƙugiyoyin dogayen igiyoyin kamun kifi, da ɓerayen da mutane suka kai tsibiran tekunan kudu irin su Marion da Gough, suka jefa yawancin nau'o'insu cikin haɗari.

Yadda za ki fara da ɗalibai

Ƙa'idar da nake kafa wa duk wanda na fita da shi daji ita ce, a rubuta abin da aka gani kafin a furta suna. Da zarar suna ya shiga kai, ido yakan daina aiki, ya koma neman abin da zai gaskata sunan. Ɗanki ya riga ya riƙe hamingbad a ransa, saboda haka ya ga tsayawa a iska, bai ga ƙafafun da suka kama reshe ba.

Kowane yaro ya sami ɗan littafi da fensir. A fara da kwanan wata, lokaci, wuri, da irin wurin: gona ce, bakin rafi, cikin gari, kan wace bishiya. Sai girma, kuma kada a ce ƙarami ko babba kawai, a gwada da tsuntsayen da kowa ya sani, jan-baki, kurciya, hankaka, a ce ya fi wannan bai kai wancan ba. Daga nan baki, domin shi ke faɗin abincin tsuntsu: gajere mai kauri na mai cin tsaba, siriri na mai cin ƙwari, mai ƙugiya na mai cin nama. Sai wutsiya da ƙafafu. Launi ya zo daga baya, kuma gaɓa-gaɓa, kai, maƙogwaro, ƙirji, ciki, baya, gindin wutsiya. Ina jinkirta launi ne da gangan saboda shi ya fi yaudara. Walƙiyar gashin sha-kauci daga yadda haske ke faɗa masa take fitowa, don haka tsuntsu ɗaya zai zama kore idan rana tana bayanki, ya koma baƙi ƙirin idan kina fuskantarta. Ki riƙa tsayar da yara rana na bayansu.

Hali da kuka su ne suka fi komai daraja, kuma su aka fi mantawa. Shi kaɗai yake ko cikin garke? Tafiya yake ko tsalle? Yana kaɗa wutsiya? Tashinsa a miƙe ne ko yana hawa yana sauka? Kukan kuma a rubuta shi yadda kunne ya ji, ko da ya zama abin dariya a takarda. Kada ki raina wannan. A duwatsun Jos akwai wani ɗan jan tsuntsu mai cin tsaba da kimiyya ba ta san da shi ba sai 1998, lokacin da masanin tsuntsaye Robert Payne ya bayyana shi. Abin da ya ja hankali gare shi shi ne wani tsuntsu da ke zuba ƙwansa a sheƙar wasu, wanda aka ji yana kwaikwayon kukan da bai yi daidai da na tsuntsayen da aka sani ba. Zane ma ya shiga, komai muninsa, domin mai zane dole ya duba inda ja ya tsaya da inda rawaya ta fara.

Lokaci mafi kyau daga bayan asuba ne zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya. Madubin hangen nesa yana taimako, kuma mai lamba 8x42 ya ishi mai koyo, amma rashinsa ba ya hana farawa. Ni ina ganin gara yara su yi zango guda da ido da kunne kawai a harabar makaranta, su san tsuntsayen wurin ciki da bai, kafin a ba su na'ura. Manhajojin waya masu gane tsuntsaye irin su Merlin suna da amfani idan an saita musu wurin da ake, in ba haka ba sai su kawo miki tsuntsun Amurka. Wajen gane kuka ma sun fi ƙwarewa da na Turai da Amurka, saboda haka abin da suka faɗa shawara ce, sai an gwada ta da abin da aka rubuta.

Ki tura yaran wajen kakanninsu, mafarauta, masunta da makiyaya su tambayo sunaye da abin da aka sani, kamar zuwan shamuwa gab da damina. Su rubuta sunan Hausa tare da bayanin, domin suna ɗaya sau da yawa yakan rufe nau'i da yawa. Sharaɗi ɗaya kawai: ba danƙo, ba taɓa sheƙa, ba ɗaukar ƙwai.

Najeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma wurare da yawa a Arewa ba a taɓa rubuta na cikinsu da kyau ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar tun 2015, inda aka yanka ƙasa zuwa murabba'ai masu faɗin kusan kilomita 9, 'yan sa-kai suna aika jerin abin da suka gani a kowanne. Akwai ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye a jihohi da dama da za ki iya haɗa kai da su, kuma idan hali ya yi, fadamun Haɗejiya da Nguru tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da baƙin tsuntsayen Turai suka cika su, sun cancanci tafiyar makaranta. A jerin da za ku aika, ku sa har da waɗanda kuke gani kullum, da adadinsu. Ungulu da ta cika mahautanmu a da ta shiga jerin masu gab da ƙarewa a duniya tun 2015, gauraka ma ya yi wuyar gani a ƙasar nan, kuma masu bincike suna fama da ƙarancin tsofaffin alƙaluma na lokacin da suke da yawa.